Abin da Gara Ta Ci

Souwaiba ta ture ordinater, wato kwamfuta, gefe. Kwana uku ke nan tana tace imel ɗin marigayi Alhaji Idrissa, waɗanda matarsa Hajiya Saratu ta ba ɗakin karatun da Souwaiba ke aiki kyauta, kafin a zuba su a intanet kowa ya karanta.

Mutumin da duk Agadez ke kira mai tsaron tarihi! Ashe tsofaffin littattafan hannu da mutane ke ba shi amana yake sayar wa wani Bature, ɗaya bayan ɗaya. Har da rubuta masa: "Masu su jahilai ne. Sai in ce musu gara ta cinye."

"Tir!" in ji Souwaiba. Sai tausayin Hajiya Saratu ya kama ta, tsohuwar da ko boko ba ta yi ba, kwanan nan ta fita takaba. Ta tari kabu-kabu sai gidanta.

"Hajiya, ba ki san abin da kika ba mu ba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Akwai abin kunya a ciki. In kin yarda in goge imel guda arba'in da biyu, asirin gidanki ya rufu."

Hajiya ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Arba'in da uku ne, 'yata. Jikata ta karanta mini su kaf. Koma ki nemo ɗayar."

Hajiya ta ɗago kai ta dube ta.

"Littattafan da gara ta fara ci na mahaifina ne. Shekara goma sha tara ina tsine wa gara. Imel ɗin nan arba'in da uku, su za ki sa a gaba."