Tagar Hawa na Tara

Da matarsa ta buɗe ƙofar, ko kallonta bai yi ba. Ya kutsa ciki, ya leƙa banɗaki, ya bankaɗe labule. Babu kowa. Gadon ma ko lotsawa bai yi ba.

Talata uku ke nan yana bin sawunta zuwa wannan otal na manya, kullum hawa na tara, kullum ɗaki ɗaya.

"Ina kika ɓoye shi?"

"Maigida, rage murya."

"Shekara talatin kina gidana! Me kika rasa? Taushin katifa?"

Ta dubi agogo. Ƙarfe huɗu daidai. Ta ja hannun rigarsa zuwa taga.

Can ƙasa, bayan wata doguwar katanga, fursunoni na fitowa shan iska. Na ƙarshensu yana jan ƙafar hagu, tafiyar da ɗansu ke yi tun yana yaro.

"Ka ce in na taka ƙofar gidan yari, a bakin aurena," ta ce. "Ban taka ba."

Ya daɗe tsaye, hularsa a hannu.

"Matsa kaɗan," ya ce. "Ba na ganinsa sosai."