Kada Ki Amsa Masa

Auta ba ta gama ajiye ledar zare da maɓallai ba ta ji an ƙwala mata kira daga ƙuryar gida.

"Auta! Auta!"

Ta tsaya cak, sannan ta cije leɓe ta wuce wajen keken ɗinkinta. Yau kam ba za ta amsa ba.

Ta san aikin akun mahaifinta ne. Tun da Mama ta rasu, Baba kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki ya dawo gidanta da zama, tsuntsun nan ne abokin hirarsa, kejinsa ma a bakin ƙofar ɗakin Baba yake. Da can lafiya lau, daga fito sai kwaikwayon tari. Amma da lokacin barbararsa ya kama, sai ya birkice. Ya tsige gashin ƙirjinsa, ya yayyage takardun ƙasan keji wai zai yi sheƙa, ya gantsara wa mijin Auta cizo a yatsa. Ihu kuwa ba a magana. Mafi muni, ya gano cewa in ya ari muryar Baba ya kira sunanta, ko me take yi za ta yar ta zo a guje.

"Ke kika koya masa," in ji likitar dabbobi ranar da suka kai mata shi. "Duk ihun da kika amsa, lada kika ba shi. Ki daina shafa masa baya. In ya fara, ko leƙensa kada ki yi. Sai ya yi shiru ki je masa da abin da yake so."

Faɗa da baki ba wuya. In Baba yana gida, ta ina za ta bambance muryoyin biyu? Ga mai gidan hayar ya riga ya ja musu kunne: maƙwabta sun gaji, ko tsuntsu ya fita ko su su fita. Ita kuwa ta san ranar da aka raba Baba da akun nan, ɗan sauran karsashin da ya rage masa ya ƙare.

Yau ce damarta. Ranar da ake gasa wa Baba ƙafa a asibiti ce, kuma da ta dawo daga kasuwa ba ta ga motar mijinta a waje ba, ya wuce da shi asibiti ke nan kamar kullum. Wayarta tana can ƙasan jaka, ta kashe mata ƙara tun safe, don ƙarar waya ma tunzura tsuntsun take yi.

Ta taka keke. Kiran ya ƙaru.

"Auta! Zo mana!"

Wani abu ya faɗi a can ciki, kamar an kifar da kwanon ruwa. Ƙafarta ta sauka daga kan keke da kanta. Ta mayar da ita. Likita ta gargaɗe ta cewa kafin ya saduda, sai ya gwada duk dabarar da ya sani.

"Zo ki ɗaga ni."

Ta dakata da ɗinkin. Wannan sabuwa ce. Amma ai kowace safiya yana jin Baba yana faɗin haka, me zai hana ya haddace? Har da rawar murya, har da numfashin nan mai nauyi. Ɗinkin wuyan rigar da ke kan keken ya karkace, ta warware ta sake, ya sake karkacewa.

Maƙwabciyarta ta ƙwanƙwasa taga.

"Lafiya kuwa a gidan nan?"

"Tsuntsun nan ne, Yaya. Ki ƙara haƙuri, horar da shi nake yi."

Matar ta ɗan jima tana saurare, ta taɓe baki ta tafi.

Sannu a hankali muryar ta fara dushewa. Kiran ya koma jefi-jefi, sunan ma ba ya fita gaba ɗaya. Auta ta share gumin goshinta, ta ji wani sanyi a ranta. Ashe dai likita ta san aikinta. Daga nan gidan ya yi tsit.

Ba ta yi gaggawa ba. An ce ta bari shirun ya zauna tukuna, don akun ya gane shirun ake saka wa. Ta ƙarasa wuyan rigar, ta yanke zare, ta shiga kicin ta ɗebo masa gyaɗa a tafin hannu. Ta doshi ƙuryar gida ke nan ta ji an murɗa ƙofar waje.

"Me ya sami wayarki? Na yi ta kira," in ji mijinta. "Asibiti sun ɗage gashin yau, sai na bar Baba yana barci, na ce bari in kai wannan fitinannen wajen likitarsa ta sake duba shi."

Ta juyo. A hannunsa ƙaramin kejin tafiya ne, akun yana ciki yana gyara fuka-fukansa, tun safe bai ga cikin gidan ba.