Ɗakin Inna a Gareji

Malam Tawfiq bai yarda da kowa ba, kuma har alfahari yake yi da hakan. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana zaune a Tungan Maje a gida mai ɗaki biyu da gareji. A shekarun da Abuja ke ta cika tana batsewa, ko'ina gini ake yi, amma shi gani yake duk mai riƙe da guduma ɓarawo ne da bai samu dama ba tukuna.

Da ciwon ƙafa ya matsa wa mahaifiyarsa, Inna Barira, sai ya ɗauko ta daga ƙauye don ta riƙa ganin likita. Wurin kwana ne ya zama matsala. Garejin kuwa, tun da motarsa ta tafi Apo wajen makanikai ta ƙi dawowa, babu komai a ciki sai janareta da tsofaffin tayoyi. Ya ce shi zai mayar da shi ɗaki da hannunsa, ba sai wani ya zo ya cuce shi ba.

Duk Asabar da Lahadi yana ciki, ƙofa a rufe. Ya ji labarin yadda hukuma ke shafa jan fenti a jikin gidajen da aka sauya wa fasali, alamar za a rusa su, don haka ya bar ƙofar ƙarfen garejin yadda take, ya garƙame ta ta ciki. Ramukan iska huɗu da ke saman bango ya cike su da siminti, kada wani ya leƙo ya kai rahoto. Janareta kuma ba zai bar ta a waje ɓarayi su ɗauke ba. Ya ware mata lungu a cikin garejin, ya tare da falanki. Falankin bai kai rufi ba, amma ya ce wannan ɗan gibin ba komai ba ne.

Maƙwabcinsa Abednego, birkila ne da ya shekara ashirin yana gini, ya shigo wata rana aron tsani. Ya tsaya ya dubi bango, ya dubi lungun janareta.

"Oga, wannan ɗaki ba ta da numfashi," in ji shi. "Ka fasa taga, ka fitar da janareta waje. Hayaƙinsa yana kashe mutum, ko wari ba za ka ji sosai ba. Ni zan fasa maka, ba sai ka ba ni komai ba."

Malam Tawfiq ya yi godiya da baki, zuciyarsa kuwa ta tafi wani wajen. A Abujar nan wa ke yin aiki kyauta? Ko dai so yake ya san inda janareta take kwana, ko kuwa so yake a fasa taga kowa ya gani, a zo a shafa jan fenti. Da matarsa Hadijatu ta ce ita fa maganar ta shige ta, sai ya tambaye ta tun yaushe ta fara shawara da maƙwabta a bayan idonsa. 

Ɗaki ya yi kyau, ba ƙarya. Ya sha fenti, ga leda sabuwa, ga fanka. Inna ta yi ta sa masa albarka, tana shafa bango tana cewa ɗanta ya iya komai. Zafi kawai take kuka da shi.

Ranar wata Lahadi bayan azahar aka ɗauke wuta. Inna ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Tausayinta ya kama shi, ya tayar da janareta don fanka ta yi mata fifita, ya ja mata ƙofar da ke ɓullewa ta kicin, ya tafi kasuwa da iyalinsa.

Da suka dawo bayan la'asar, sai suka tarar Inna ta sa sakata kamar yadda ta saba, kuma ba ta amsa sallama ba. Ya buga, ya kira, ya sake bugawa. Hadijatu ce ta ruga ta kira Abednego. Shi ya ɓalle ƙofar da ƙarfe, ya kashe janareta, ya sungumo tsohuwar zuwa waje yana tari. A motar Abednego aka kai ta asibiti, amma likita ya ce ta daɗe da cikawa.

Bayan kwana bakwai, Malam Tawfiq ya ɗauki guduma ya fasa bangon nan. Bai kai minti ashirin ba iska ta shigo. Ya zauna a kan gadon Inna ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba tun yana yaro. Babu wanda ya zo shafa jan fenti, babu wanda ya saci janareta.

Jama'a, gareji an gina shi ne don mota. Kafin ku kwantar da mutum a ciki, ku fasa taga, ku fitar da janareta waje, ku nemi wanda ya san aikin. Zargin kowa bai tsare wa Malam Tawfiq komai ba, mahaifiyarsa ya raba shi da ita.