Aguwar Sambo

Sambo ya soka reshen aguwa a rami, ya danne ƙasa da diddige, ya ɗaga kai yana neman turke na gaba. Ga shi can gindin wata ƙirya, jerin turakun ya miƙe gabas wajen Gwandu.

Duk Wurogauri an san aikin nan, har an gaji da yi masa dariya. Mutum ba gona ba, ba garke ba, ya duƙufa yana shinge layi biyu a tsakiyar daji, wai jirgin ƙasa zai bi ta tsakaninsu. A kasuwar Kalgo har suna aka sa masa, Sarkin Dogo. Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Masu dariyar sun san mafarin abin, mantawa kawai suke so su yi. Shekarar yunwa Sambo da ɗansa na fari, Abdulgani, suka kora shanu kudu neman ciyawa, suka tarar da ƙarfen da Turawa suka shimfiɗa. Shanu na tsakiyar tsallakawa, abin ya taho da hayaƙi. Abdulgani ya yi abin da ake koya wa kowane ɗan makiyayi: in abu ya taso wa garke, sa ne ko kura, ba a gudu, gabansa ake tsayawa a ɗaga sanda a daka tsawa. Ya tsaya. Sambo ne ya koya masa.

Ya dawo gida ba ɗa, ba shanu, don waɗanda jirgin ya bari yunwa ta ƙarasa su. Ya zauna bayan bukka ya juya wa duniya baya. Ko hanyar tsohon garkensu bai ƙara bi ba, ciyawa ta rufe wurin. A ajiye masa fura, a ɗauke ta yadda take, har haƙarƙarinsa suka fito.

Matarsa Indo ba ta yi kuka ba. Ɗan fari ne, da ransa ma ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta yi masa kuka a gaban mutane. Mata suka ce zuciyarta dutse ce.

Ana nan wata safiya wani makiyayi ya kawo labari, an ga turaku jere a daji kamar an ja zare. Sambo ya taɓa ganin irin wannan a kudu, 'yan safiyo ke kafa su kafin a kawo ƙarfe. Ya miƙe da kyar ya je ya duba. Da ya dawo ya ce a dama masa fura.

Daga ranar ya tsara aikinsa. Aguwa ba ta kauri a shekara ɗaya, saboda haka dole a dasa ta tun jirgin bai iso ba. Ba zai bar mashiga ba sai inda burtali ya ratsa, nan ma sai a fili inda ido ke gani nesa. Duk makiyayin da ya gamu da shi sai ya tare shi.

"In kun ji kukanai, ku yada sanda ku gudu. Wanga abu bai san tsawa ba."

Abin da ke ci masa rai shi ne kada ƙarfe ya riga shinge. 'Yan safiyon kuma ba sa hutawa. Da ya kusa turken ƙarshe, sai na baya su ɓace su bayyana a gaba. Ba wanda ya taɓa ganinsu, Sambo ya ce ai Nasara sammako gare shi, ga rowar itace. Wuyan kowane turke ya yi santsi, ya ce cin igiyar awo ce.

Indo ke kai masa ruwa da fura. Ban da wannan ba ta sa masa hannu. Takan fita itace da sassafe ta daɗe, ta dawo da ɗan abin da bai kai a dafa tuwo ba. Maƙwabciyarta Laraba ta daina aron tabaryarta, ta ce ba ta taɓa ganin macen da ke farfasa kan tabarya haka ba.

Shekaru suka tura. Aguwar farko ta fi mutum tsawo, shanu suka saba da mashigai, yara suka haddace gargaɗinsa suna waƙa da shi. Sannan tari ya kwantar da Sambo. Ranar da jiki ya yi tsanani ya kira matarsa.

"Indo, sun ƙara turaku?"

"Sun ƙara, Malam. Sun ƙetare fadama."

"Ban kai ba ke nan."

"Inda ka kai ya isa. In ya zo, ba ya iske ɗiyan kowa bisa hanya."

Ya yi murmushi. Kafin la'asar ya cika.

Cikin masu ta'aziyya akwai wani manzo daga Gwandu da ke yawo da Turawa rangadi. Da aka nuna masa shingen sai ya ce layin dogo Gusau ya nufa, kuma shi dai a saninsa ɗan safiyo bai taɓa taka dajin nan ba. Dattawa suka dubi juna, aka shafa fatiha.

Bayan ta fita takaba, Indo ta ƙetare fadama ta tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauko su a ka. Ta ratsa ciyawar tsohon garke, ta mayar da kowanne raminsa, inda ɗanta ke ɗaure maruƙa. Ta ɗaga tabarya za ta buga, kamar yadda ta yi shekara da shekaru tana buga su a daji don mijinta ya ci abinci, sai hannun ya ƙi, ta durƙusa ta kira sunan Abdulgani.