Kafin Cokali Ya Kai Baki

Na riƙe hannun matar kafin cokalin kunun shinkafa ya kai bakin mahaifiyarta.

"Haba Mbak, 'yar'uwa! Kwana biyu Ibu, mahaifiyata, ba ta ci komai ba. So kike yunwa ta kashe ta?"

"Shanyewar ɓarin jiki kan taɓa maƙogwaro," na ce. "Bari in gwada haɗiyarta tukuna."

A da, a wannan asibiti namu na tsibirin Jawa, mu ma'aikatan jinya muke ɗura wa irinsu kunu suna kwance. Bayan kwana huɗu sai zazzaɓi, sai ciwon huhu, mu ce ajali ne. Sai da na koma makaranta na ga abin da bincike ya nuna: kunun ne ke zarcewa huhu.

Na zaunar da tsohuwar, na ba ta ruwa cokali ɗaya. Ta ƙware har idonta ya yi ja. Na ture kwanon, muka sa mata robar abinci ta hanci. Mako guda 'yarta ba ta amsa gaisuwata ba.

Zazzaɓi bai zo ba. A mako na uku tsohuwar ta haɗiye cokali uku lafiya lau.

Ranar sallama ta damƙe rigata da hannunta mai motsi. Ita ce tsohuwar shugabarmu, wadda ta koya mana ɗurar, wadda ta ce min ranar da zan tafi karatu, "Takarda ba ta jinya, yarinya."

Baki a karkace ta ce, "Ma'aikatan jinya nawa ne ba su je karatun ba? Tura su."