Taku Ɗari Daga Makara

Ranar da Sallau ya buɗe takardun riƙonsa ya ga sunan wadda ta haife shi, ranar kotu ta ɗaura masa munduwa mai na'ura, yadda sabuwar doka ta tanada. Matar ta sa hannu cewa kada ya neme ta. In ya kusance ta da taku ɗari, munduwar ta yi ƙara, shekara biyu ke nan a gidan yari.

Yau da hantsi ta rasu. Ya isa ofishin kotun yana haki.

"Ranka ya daɗe, a cire mini. Kafaɗa kawai zan sa wa makararta."

Jami'in bai ɗago ba. "Wanda ya sa hannu shi ke janyewa, Malam."

"Ai ta rasu!"

"To, ka gani."

Sallau ya tsaya a bakin hanyar maƙabarta. Duk wanda makarar ta iske, ko baƙo ne, sai ya karɓa ya taka da ita. Da ta doso shi, munduwar ta fara ƙyafta jar wuta. Ya ja da baya. Masu ɗauke da ita suka matso, ya ƙara ja.

Wani dattijo ya yi tsaki.

"Dubi wancan, gawa yake gudu. Ko wace uwa ce ta haifi wannan?"