Bawul Na Bakwai

Na danna maɓallin rufewa a karo na uku. Bawul na bakwai, mai toshe bututun tururi a masana'antarmu, ya sake tsayawa a rabi, tururi yana ta wucewa. Sabuwar na'urar gwaji ta nuna ja. A ƙarƙashin bututun nan yayana yake aiki kullum.

Na dire rahoto a teburin manaja. "Ranka ya daɗe, bawul ɗin nan ba ya rufewa. Sai ya dafa mutum za mu motsa?"

"Kwantar da hankalinka, Injiniya. Gobe-goben nan za a magance matsalar."

Washegari na sauko da murnata. Bawul yana nan da tsatsarsa. Na'urar gwajin ce babu.

"Mun kulle ta a sito," in ji manaja. "Shekara goma bawul ɗinmu lafiyarsa ƙalau, sai da ta zo."